Daddawar Mama a Bakin Tafkin Hubsugul

Zuru

Tun kafin asuba Baba ya buga ƙofar ɗakina da sandarsa, kamar yadda yake yi tun ina firamare. Na riga na tashi, na riga na duba fasfona ya fi a ƙirga, amma ban faɗa masa ba, don yana jin daɗin tada mutane daga barci. Baba tsohon saje ne. A gidanmu da ke Rikoto ƙa'ida ɗaya ce: a fita aiki da duhu, a gama kafin rana ta yi zafi, a shiga inuwa. Duk wanda rana tsaka ta same shi a fili, a wurin Baba, ko rago ne da ya makara, ko kuma kansa da motsi.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ilimin dabbobi na karanta a jami'a, kuma a kan malam-buɗe-littafi na duwatsun Zuru na yi aikin gama digiri. Bayan bautar ƙasa na zauna gida ba aiki. Sai aka ɗauke ni wani gajeren kwas a arewacin Mongoliya, ƙasar duwatsu da tafki da sanyi, inda za a ƙidaya ire-iren malam-buɗe-littafi na wurin. An ce wanda aikinsa ya gamsar da farfesar da ke jagorantar kwas ɗin, za ta ɗauke shi digiri na biyu. Shekaruna kuma sun kusa wuce na ɗaukar soja. Saboda haka muka yi alkawari da Baba: in na dawo hannu wofi, bana zan shiga soja, ba gardama. Ba na raina aikin soja, shi ya ciyar da mu. Amma mutumin da hannunsa ke rawa in an ba shi kaza ya yanka, ina ganin, wataƙila, ba shi ƙasa take jira ba.

"Ni Laberiya na je," in ji Baba, yana kallon ragar kamu da na ɗaure a jikin jaka. "Kawunka ya je Sudan. Kai kuma ƙasar waje za ka je farautar ƙwaro, ga ciyawa tana cinye mana gona a Dabai."

"Baba, ba farauta ba ce sosai. Ƙidaya ce, kusan."

"Kusan! Ayuba, tun da aka haife ka ban taɓa jin ka ce i ko a'a ba."

Mama ta yi mini addu'a mai tsawo, har ta haɗa da direban jirgin sama da iyalinsa. Da ta ce amin sai ta tura wani ƙulli cikin jakata. Tun ban taɓa ba hancina ya gaya mini daddawa ce. Na ce mai yiwuwa ba za a bari in shiga da ita ba.

"Ka ce musu uwarka ce ta ba ka," in ji ta. "Can ba su san miya ba."

Hanyar Kwantagora zuwa Abuja

Motar ta cika gari na wayewa, muka kama hanyar Rijau. Ruwan damina ya ci hanyar, direba yana kauce wa rami ɗaya don ya faɗa wanda ya fi shi. A wani shinge kafin Kwantagora soja ya leƙo, ya ga sandar ragata, ya ce in fito. Na fara lalubo takardun da ba a tambaye ni ba.

"Kifi za ka kama?"

"A'a, ranka ya daɗe. Malam-buɗe-littafi."

Ya dube ni, ya dubi direba. Direba ya ce, "Wallahi haka ya hwaɗi mini nima, yallaɓai. Wai har jirgi za shi shiga don su." Da sojan ya ji sunan garinmu sai ya juya zuwa yarenmu na C'lela, ya tambayi ɗan wane ne ni. Na faɗa. Ya ce, "Ɗan saje? Kai!" Ya miƙo mini ragar a hankali, kamar mai yi wa gidanmu jaje.

Na canza mota a Kwantagora, na ci shinkafa da wake a tashar Minna, na isa Abuja magariba ta wuce. Gidan wani abokin karatuna na kwana. Ya roƙe ni in ajiye jakar a baranda.

Daga Abuja zuwa Murun

Ba zan tsawaita a kan jirgi ba, don idona a rufe na yi yawancin tafiyar. Mun sauka Istambul, na yi yini guda zaune a gaban ƙofar da za mu shiga jirgi na biyu, don tsoron kada ya tashi ina banɗaki. A Ulanbator, babban birnin Mongoliya, na kai kaina wurin jami'in duba kaya tun bai kira ni ba, na buɗe ƙullin Mama. Ya sunsuna, ya ja baya, ya tambaya ko abinci ne. Na ce a ganina abinci ne. Ya ɗaure da kansa, ya yi mini alama da hannu in wuce da sauri.

A nan aka sami matsala. An soke ƙaramin jirgin da zai kai ni Murun, babban garin arewa, saboda iska. Dole na bi bas. Tafiya ce ta yini da kwana cikin fili marar iyaka, ciyawa kore, dawakai da tumaki barkatai, ba ko bishiyar da mutum zai raɓa. Kafin in isa, sauran ɗalibai sun riga sun wuce, an yi musu bayanin aiki, an rarraba su. Abin da ya rage mini shi ne direban da aka bar ya jira ni, wani ƙaƙƙarfan mutum mai jan kumatu, sunansa Bata, mai Turanci kaɗan da dariya mai yawa.

"Farfesa ta haye ɗaya gefen tafki," in ji shi. "Can ba waya. Ta ce kai ka san aikin, ka taɓa yi a ƙasarku. Ga dutsenka, ga gidan yayata a gindinsa. Ranar Asabar za ta zo ta ga abin da ka samu."

Na so in yi tambayoyi. Amma an ce na san aikin, sai na ji kunya, na ce to.

Hatgal da tafki

Motar Bata tsohuwa ce mai kama da burodi, amma ba ta san rami ba. Mun wuce Hatgal, ƙauyen gidajen katako a bakin ruwa, muka bi gefen tafkin Hubsugul. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ruwa ne shuɗi garau, ana ganin duwatsun ƙasansa, ba a ganin ƙarshensa. A bayansa tsaunuka, wasu da farin ƙanƙara a kai, ga shi kuwa a cewarsu wannan ne lokacin zafi. Na sa hannu a ruwan na fitar da sauri. Bata ya ce da hunturu daskarewa yake yi, kwanan nan ma ya narke.

Yayarsa Oyuna makiyayiya ce. Tana zaune a zagayayyen tanti mai kauri na gashin tumaki, da murhun ƙarfe a tsakiya. Shanunta gashi har ƙasa, kamar an yafa musu bargo. Da na ga ana tatsa, ana kaɗa nono, ana kirari ga saniya, sai na tuna rugar Fulanin da ke bayan gonarmu, hankalina ya ɗan kwanta. Ta ba ni shayi da madara. Na kurɓa, na ji gishiri a maimakon sukari. Na shanye tas don kada a ce ɗan Zuru ba shi da ladabi. Sakamakon ladabin, ta sake cika kwanon.

Da murhu ya ɗumama tantin, daddawa ta fara bayyana kanta. Oyuna ta ɗaga hanci, ta duba ƙarƙashin gado, ta yi wa kare tsawa. Na fito da ƙullin, na bayyana cewa kayan miya ne. Ta yi magana mai tsawo, Bata ya fassara a taƙaice.

"Ta ce kai baƙonta ne, ka zauna har shekara. Amma wannan ya kwana waje."

Mutanen da ke shan nonon goɗiya mai tsami, suna tauna busasshen cuku mai taurin tsakuwa, su ne suka kori daddawar Mama. Na fitar da ita. A waje kuma kare ya sa mata ido, don haka kullum in zan hau dutse sai in sa ta a jakar baya in tafi da ita.

Dutsena

Washegari na tashi da duhu, yadda aka koya mini. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Na sa riga uku da jaket da hular sanyi, na bi hanyar da aka shata mini: daga bakin tafki, ta cikin kurmin itatuwa masu ganye kamar allura, zuwa fili mai furanni, har kan dutse inda ba abin da ke tsirowa sai gajeriyar ciyawa. Furanni ko'ina, ja da shuɗi da rawaya. Malam-buɗe-littafi ko ɗaya babu.

A duwatsun Zuru haka na yi aikina, kuma ya yi kyau. Da hantsi suke tashi, da rana tsaka su ma inuwa suke nema kamar kowa, sai ka same su a ƙarƙashin bishiya ko bakin rafi. Na karanta, ba shakka, cewa na ƙasar sanyi suna bukatar ɗumi. Amma karatu daban, ƙafa daban. Da rana ta ɗaga sama, ƙafafuna da kansu suka sauko da ni cikin kurmi. Na yi ta leƙen ƙarƙashin ganye a cikin inuwa mai sanyi har la'asar. Na ga guda biyu, masu launin ƙasa, kuma ba zan rantse ba ɗaya ne na gani sau biyu ba.

Haka na yi Talata, haka na yi Laraba. Kullum in na dawo Oyuna takan sunkuyar da kai da girmamawa ta miƙo mini shayi da hannu biyu, Bata kuma ya rage murya. Na ɗauka tausayina suke ji. Ranar Alhamis aka wayi gari da ruwa mai haɗe da ƙanƙara, ban fita ba. Na zauna gaban murhu ina lissafin yadda aski irin na kurata zai yi wa kaina, da yadda zan yi in aka ce in yi tsalle daga mota tana gudu.

Juma'a

Saura yini ɗaya. Na ce tunda ban samu ba, mai yiwuwa ban fita da wuri yadda ya kamata ba ne. Na ƙara sammako.

Akwai ƙorama a ƙasan filin furanni da nake tsallakewa a kan duwatsu. Ruwan jiya ya ƙara ta, duwatsun kuma sun yi santsin ƙanƙara. Na tsaya na auna, na sake aunawa, na zaɓi dutsen da ya fi kama da mai aminci. Shi ya kayar da ni. Na faɗa har wuya, da jaka da komai.

Ban taɓa sanin sanyi yana cizo kamar kunama ba. Na fito haƙorana suna kaɗawa, yatsuna sun ƙi lanƙwasa. Gida ya yi nisa, kuma hanyar duk ta cikin inuwar kurmi take. Na yi ta tsalle a wuri ɗaya har rana ta leƙo ta bayan tsauni. A saman filin akwai wani baƙin falalen dutse da ke fuskantar kudu. Na rarrafa na kai kaina can, na tuɓe duk abin da ladabi ya yarda a tuɓe, na shanya riguna da safa, na kwance ƙullin Mama da ya jiƙe sharkaf na baza shi a gefe. Sannan na kwanta rub da ciki a kan dutsen, na baje hannuwa kamar ƙadangare. Ina cewa a raina, Allah ya sa Baba kada ya taɓa jin wannan.

Dutsen ya fara ɗumi. Rawar jiki ta ragu. Ina jin na ɗan yi gyangyaɗi, don da na buɗe ido rana tana tsakar ka. Kusa da hancina, bai fi taƙi ɗaya ba, wani yana kwance yadda nake kwance. Babba ne, fari, fikafikansa kamar takarda mai shara-shara, da jajayen ɗigo masu baƙin zobe. Jikinsa gashi buzu-buzu, shi ma da jaket ɗinsa. Ya baje fikafikai a kan baƙin dutse yana shan rana. Muka dubi juna. Nan take na gane abin da na yi kwana da kwanaki ina yi: ina zuwa gidansu suna barci, ina tafiya daidai lokacin da suke tashi.

Na ɗaga kai a hankali. Filin da na sani shiru ya cika da motsi. Ga ƙananan shuɗɗa kamar an yayyaga sararin sama an watsa. Ga masu ruwan lemo da baƙin zane, in sun rufe fikafikai sai ka ga ɗigon azurfa a ƙasa. Ga rawaya masu jan baki-baki suna gudu kamar an aike su. Ga baƙaƙe masu ƙananan idanu a fiffike, suna tafiya ƙasa-ƙasa cikin ciyawa. Wani toka-toka ya sauka a dutse, ya rufe fikafikai, ya kishingiɗa gefe guda don rana ta same shi sosai, ya ɓace a idona ina kallonsa. Da ɗan gajimare ya rufe rana, duk suka faɗa ciyawa, fili ya koma kamar ba kowa. Da ya wuce suka tashi gaba ɗaya.

Sai na waiwaya wajen daddawa. Ba na ganinta. Farare masu baƙaƙen jijiyoyi sun rufe ta, suna ture juna, shuɗɗa suna neman wuri a gefe, wasu sun haƙura sun koma kan safata. Abin da aka kora daga tanti, ga shi ana layi a kansa.

Kyamarata tana cikin leda, Allah ya taimake ni. Daga ni sai gajeren wando da takalmi na yi aikin ranar. Na hau har kan dutse, na sauko bakin tafki, na tarar kowane mataki da mutanensa: na bakin ruwa daban, na gefen kurmi daban, na can sama masu duhun launi da yawan gashi daban. Lokacin ɗuminsu gajere ne, makonni kaɗan, shi ya sa ba sa wasa da rana.

A haka Bata ya same ni, ya biyo sawuna a kan doki don na daɗe. Ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki.

"Aiki kake fita yi da asuba? Mu mun ɗauka ibada ce! Yayata ta ce kada kowa ya dame ka, mutumin Allah ne. Wa zai hau dutse cikin ƙanƙara in ba don Allah ba?"

Asabar

Farfesa Sarul ta iso da hantsi a jirgin ruwa, gajeriyar mace mai furfura da takalmin roba. Na gaya mata komai, har faɗawa ƙorama. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tambaya iri nawa na samu.

"To, zai iya kaiwa, in aka yi la'akari da cewa wasu suna kama da juna, kuma hasken..."

"Ayuba. Nawa?"

Na ji kamar Baba ne ya sa takalmin roba. Na ce, "Goma sha tara."

Ta ce goma sha takwas ne, don biyu daga ciki mace da namiji ne na iri ɗaya. Amma ta fi son wanda ya faɗi lamba a gyara masa da wanda bai faɗi komai ba. Ta ce wasu ɗaliban sun fi ni yawa, sai dai su mako guda suka yi, ni yini ɗaya. Da ta zo kan hoton daddawa ta daɗe tana kallo, ta ce a kawo mata ƙullin. Oyuna ta tashi ta koma wajen shanunta.

Na yi saurin bayyana cewa ba zan iya cewa daddawar ce ta jawo su ba. Mai yiwuwa danshi ne, mai yiwuwa gishiri, tunda safata ma ta samu baƙi. Sai an gwada da busasshiya da jiƙaƙƙiya, a wurare daban-daban.

"Wannan shakkar taka tana da amfani," in ji ta. "A nan ne wurinta." Muka hau dutsen tare da rana tsaka, muka gwada, suka sake zuwa. A hanyar saukowa ta ce za ta ɗauke ni, da sharaɗi biyu: in yi irin wannan ƙidayar a duwatsun Zuru har ƙarshen damina don a kwatanta, kuma in zan dawo in taho da daddawa mai yawa. Sauran ƙullin ma ta riƙe.

Gida

Na dawo ta hanyar da na bi. Oyuna ta yi mini guzurin cukun nan mai tauri, wanda har yanzu ba a sami mai haƙorin cinsa a Rikoto ba. Na sauka tashar Zuru da la'asar, ɗan acaɓa ya kai ni gida. Baba yana zaune gindin mangwaro, bai tashi ba.

"Soja ko ƙwaro?"

"Ƙwaro, Baba."

Ya dube ni sosai, ina jin yana jiran "kusan" ɗin da bai zo ba. Na ba su labari duka, don ban iya ɓoye abu ba. Mama ba ta ji komai ba sai abu ɗaya. "Daddawata ka ba ƙwari?" Da na ce farfesa da kanta ta yi odar wata, sai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce ai dama ta san can ba su san miya ba.

Baba kuwa ya girgiza kai. "Wato ka je ƙarshen duniya, an koya maka makara da kwanciya a rana tsirara. Soja ta huta."

Washegari da asuba sanda ta bugi ƙofata kamar kullum, muka tafi Dabai muka yi noma. Da rana ta yi zafi muka zauna inuwa bakin rafi. Can sai na ji ya zungure ni da sanda, yana nuna wani baƙi mai koren zane da ya sauka a jiƙaƙƙen yashi.

"Wancan fa? A cikin lissafinka yake?"

"Yana ciki, Baba."

"To rubuta. Makon jiya na ga uku irinsa a nan, kana can kana shan rana."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da yatsuna cikakku. Na gode wa Bata da Oyuna da suka ɗauke ni waliyyi, da Farfesa da ta matsa mini na faɗi lamba, da Mama da ba ta saurari shawarata ba. Baba kuma ya ce kada in gode masa, in tashi mu ƙarasa noman kunyar da ta rage.